Galan Biyun Haliru

Shekara ashirin da ɗaya ke nan a wannan wata da muka kai Haliru Bakanike makwancinsa a Boɗinga. Duk shekara in watan ya kewayo sai in ɗauki alƙalami in ce bana zan rubuta wani abu a kansa, in yi layi biyu, in ajiye. Ba rashin abin faɗa ke hana ni ba. Abin faɗar ne ya yi mini nauyi. Bana gwiwoyina sun soma gaya mini cewa ba kowace shekara ce za ta tsaya jirana ba, shi ya sa na roƙi wannan fili a jarida.

Haliru taubashina ne, ɗan gwaggota, ya girme ni da damina biyu. Matasan direbobin yanzu ba su san fuskarsa ba, amma sun san sunansa. Har gobe a tashar Boɗinga da ta Shagari, in aka ga direba yana tafiya a natse, ba ya fizgar mota, ba ya barin inji yana kuka a banza, sai a ce wane yana tuƙin Haliru. Ni kuma in na zo wucewa da sandata, sai wani dattijo ya nuna ni ya ce wa yara, ga Baba Modi can, shi kaɗai ya taɓa ka da Haliru a tattalin mai. Fiye da shekara sittin ina jin wannan magana ina gyara zaman hula. Ita ce sarautata, ba ni da wata. Yau na zo in tuɓe ta a gaban jama'a, domin ba tawa ba ce, kuma rigar aro ba ta rufe katara.

Abin da ya ƙara tunzura ni shi ne halin da ake ciki. Fetur ya zama abin da ake aunawa a kwalba kamar turare. Ɗan acaɓa na kashe babur a kowace gangara, mai albasa a fadama na tsaye kan injin ban-ruwa yana lissafin ɓangaren gonar da zai shayar da wanda zai bari. Kowa ya zama mai tattali dole. Sai in riƙa tambayar kaina, da Haliru zai leƙo ya ga wannan zamani, me zai ce? Ina jin ba zai ce komai ba da farko. Zai zagaya motar farko da ya tarar, ya ƙwanƙwasa tayoyinta da ɗan ƙarfe, ya kasa kunne, sannan ya dubi direban ya tambaye shi ko shi da wannan taya suna gaba ne.

Mun soma tuƙi ne shekaru kaɗan kafin Turawa su miƙa mulki. A lokacin hanyar Shagari zuwa Sakkwato jar ƙasa ce mai gargada, mota kuwa a yini sai ka ƙirga waɗanda suka wuce da yatsun hannu. Maigidanmu, Malam Sambo mai albasa, babban falke ne a Shagari, yana da motoci biyu masu bodin katako, iri ɗaya, sa'o'in juna. Ɗaya a hannun Haliru, ɗaya a hannuna. Babu gidan mai a bakin hanya kamar yanzu. Fetur a garwa yake zuwa daga kantin Turawa na Sakkwato, garwa ɗaya galan huɗu, kuma ba a ba direba sai da takardar mai mota. Saboda haka kowane ɗigo a idon Malam Sambo yake. Yana da wani kara da ya yi wa tsage-tsage, in mun dawo daga hanya sai ya zura shi a tanki ya zaro ya duba inda ya jiƙe. Karan nan bai taɓa yi mini shaidar arziki ba.

Haliru mutum ne da in ka kalli aikinsa sai barci ya kama ka. Kafin rana ta ɗaga ya ba kowace taya iska da famfon hannu, yana cewa taya mai laushi kamar tafiya ce cikin rairayi, ko babu rairayin. Fetur ba ya shiga tankinsa sai ta cikin ƙyalle. Abin da ke tace wa inji iska kuwa, duk kwana biyu sai ya kwance shi ya wanke. In 'yan dako na lodi yana tsaye a kansu, nauyi ya zauna daidai, kada kaya su yi tozo su tare iska. In ya tsaya, ko gaisawa zai yi da mutum, sai ya kashe mota. In ya hango tudu tun daga nesa yake tara gudu a hankali, in ya hango gari tun daga nesa yake ɗage ƙafa, har ana cewa birkin motarsa zai tsufa bai san aikinsa ba. Yana da wata magana da yake yawan yi mini: totur surukinka ne, Modi, a tsugune ake gaishe shi, ba a taka shi.

Ni kuwa ba don haka na koyi mota ba. Na shiga ajin yaƙi da jahilci na iya karatun boko, na karanta 'yan littattafan da suka zo hannuna, na ga cewa a kowane labari akwai wani saurayi da ke isowa gari kowa ya miƙe yana kallo. Na ƙudura ni ne shi. Na sa kafinta ya kafa mini wani dogon allo a saman kan mota, mai zane ya rubuta a jiki da jan fenti: Zuciya Ba Ta Da Birki. Allon nan yana tare iska kamar zana, Haliru ya gaya mini, na ce masa ba zai gane ba. Na huda salansa don kukan motata ya riga ni shiga gari. In na tsaya a kasuwa ba na kashe ta, ina barin ta a sulo tana gurnani, don a san ina nan.

Duk wannan kuwa saboda mutum ɗaya ne. Kulu, ɗiyar wani manomi a Horo Birni, wadda na fara gani ran kasuwar Shagari tana riƙe da ƙwaryar fura, ta ɗago ido ta dubi motata, ni kuma na ɗauka ni ta duba. Daga ranar ban sake ganin wata ya fito ban tuna goshinta ba. Na aika manya, mahaifinta bai ƙi ba, amma ya faɗi magana ɗaya: shi bai san direba ba sai yana bisa mota, in na riƙe aikina har kaka, a zo a yi magana. Ke nan aurena yana rataye a jikin sitiyarin Malam Sambo.

A nan ne zan faɗi abin da ba a faɗa a rubutun tunawa da mamaci. Ina ƙyashin Haliru. Ba tun yau ba, kuma ban ce ya ƙare ba. Ni ke da murya, ni ke da riga mai aiki, ni yara ke bi da gudu, amma in manya suka zauna a zaure sunansa ake kira. In karan Malam Sambo ya fito daga tankinsa a jiƙe har rabi, ya fito daga nawa da ɗan danshi a baki, sai in ji kamar an zuba mini barkono a ƙirji. Wasan taubasantaka ya ba ni damar in zage shi a gaban kowa a yi dariya. Ina kiran sa hawainiya, ina kiran motarsa amaryar da ba ta son isa ɗaki. Shi yana ɗauka wasa ne. Rabinsa ne kawai wasa.

Kuma ban taɓa yarda cewa famfo da ƙyalle ne sirrinsa ba. Zuciyata ba ta karɓi abu mai sauƙi haka ba. A saman gilashin motarsa akwai wata 'yar jakar fata ja, ɗinkin dukawa, tsawon yatsa, tana rataye a ƙusa. Kowa a tasha ya san laya ce. Wasu na cewa wani malami a Sifawa ya rubuta masa ita, mai sa kaɗan ya yi albarka. Shi bai taɓa cewa e ba, bai taɓa cewa a'a ba, domin ba wanda ya tambaye shi. Wa zai tambayi mutum asirinsa? Ni dai na ba kaina amsa: ba fin ƙwarewa ya yi mini ba, fin malami ya yi mini. Wannan tunani ya fi mini daɗin kwana da shi.

Da bazarar wata shekara, ana tsakiyar kwasar albasa, samun fetur ya yi wuya, Malam Sambo ya ga ba zai iya ciyar da mota biyu ba. Ya tara mu a ƙofar gidansa gaban abokan fataucinsa, ya ce gobe za a tsiyaye tankunan biyu tas, a zuba wa kowace garwa biyu, a yi musu lodi buhu daidai da buhu, kowa shi kaɗai a motarsa, a kai Sakkwato a dawo. "Wadda taf fi ci, ita za ni saidawa," in ji shi, "direbanta kuma shi yi haƙuri, Allah shi buɗa mai wata ƙofa." Ya sa muka ɗauki alkawarin ba mai sayen ko ɗigo a hanya. Duk wanda ke wurin ya san yadda za ta ƙare. Na ga wasu suna kallona da tausayi, abin da na fi ƙi a duniya.

Da safe, ana lodi, Haliru na tsugune a bayan mota yana fama da famfonsa, na buɗe ƙofar motarsa na zare jakar nan daga ƙusa na jefa a aljihu. Na gaya wa kaina aro ne, kuma tsakanin taubasai babu sata. Da na rataye ta a saman gilashina sai na ji wani sanyi ya sauko mini, na ji duniya ta dawo daidai. Son zuciya ɓacin zuciya, in ji mutanen da. Da ma na tsaya nan, in yi tafiyata a hankali, wataƙila da na dawo da ɗan abin da zan nuna. Amma wanda ya yarda albarka na rataye a saman kansa, me zai yi da hankali?

Haliru ya kama hanyar Sakkwato yana rarrafe kamar kullum. Ni kuwa na karkata kan mota, da cikakken lodi, na bi turbar rairayi zuwa Horo Birni, don Kulu ta gan ni a ranar da zan yi nasara. Motar na nishi a giya ta ɗaya, ƙafafunta na tona, ni ina danna hon. Na tsaya kusa da rijiya inda mata ke ɗibar ruwa, na bar inji na kuka, na sauko na gyara hula. Kulu ta rufe fuska da gefen mayafi, ƙawayenta na dariya. Ban faɗa mata fiye da kalma biyar ba. A raina kuwa, an riga an rubuta wannan shafi da ruwan zinariya. Daga nan na dawo babbar hanya na taka surukin nan nawa har ƙasa. Na cim ma Haliru wajen Sifawa, na wuce shi da hon, na miƙo hannu ta taga ina yi masa alamar ya taho mana. Na riga shi sauke kaya a Sakkwato, na riga shi juyowa.

Bayan azahar, rana na dukan ƙarfe, na wuce Boɗinga, ina dab da Dandin Mahe, motar ta yi tari sau biyu, ta yi shiru. Na gangara da ita gindin wata kurna. Na zura kara a tanki, ya fito a bushe kamar yadda ya shiga. Ban taɓa jin shirun daji irin na ranar ba. Na zauna a inuwa na ciro jakar nan, raina a ɓace, ina so in ga ayar da ta ci amanata. Na warware zaren bakinta na zazzage a tafin hannu. Babu takarda, babu rubutu. Wata 'yar siririyar waya ce a naɗe, da wani ɗan ɓallin gwangwani da aka goge ya yi sumul, da ƙwayoyin bawul ɗin taya guda uku. Wayar ta share hancin kafireto ce, wato ma'aunin man inji. Ɓallin na auna bakin fulogi ne. Ya sa dukawa sun ɗinka musu jaka ne don ƙanana ne, kada su ɓace.

Ina nan zaune da su a hannu na ji motarsa tafe, a natse, kamar mai zuwa gaisuwa. Ya tsaya a bayana, ya kashe inji, ya sauko. Ya dubi tankina a buɗe, ya dubi tafin hannuna.

"Modi, mi yat tsaishe ka nan? Ko hira kaka yi da kurna?"

Sai idonsa ya kai kan jakar.

"Ashe kai ad da malamina. Tun sahe nika biɗa tai." Ya tsuguna ya tsince kayansa ɗaya bayan ɗaya daga hannuna. "To ya ka gan shi? Ya yi ma aiki?"

Na ce masa ya wuce kawai, in ya isa ya gaya wa Malam Sambo a aiko da mai. Ya yi kamar bai ji ba. Ya buɗe kan motata ya kwance kafireto ya zura wayarsa, ya ciro fulogai ya goge ya auna, ya ɗauko famfo ya miƙo mini ya ce in ba tayoyina haƙƙinsu. Ina bugun famfo ina zufa na ga ya ɗauko tiyo da galan ya nufi tankinsa. Ya zuƙa da baki, ya tofar, fetur ya biyo. Ya cika galan ya juye a nawa. Ya koma ya sake cikawa.

Na ce, "Haliru, ɗaya ya isa in kai gida. Kuma mun yi alkawari."

"An ce kar mu saya. Na ce ka biya ni?" Ya juye na biyun, ya girgiza galan ɗin har ɗigon ƙarshe. "Kai in an ɗebe ka bisa sitiyari, mi kaka iyawa? Ko gero ba ka iya shibkawa. Baban yarinyar ga kuwa ba ya ba da ɗiya tai ga mai allo babu mota. Ni ko ƙarƙashin icce niz zauna da sifana guda, ba ni kwana da yunwa." Ya goge baki da hannun riga. "Shiga gaba. In ka wuce tahiyar jaki, sai na hau ka da mota."

Da dariya ya faɗa, kamar yadda taubashi ke yi. Amma kowace kalma gaskiya ce, kuma ita ce ta fi feturin ƙona ni. Ya auna ni kamar yadda yake auna bakin fulogi, ya ga iyakata, ya tausaya mini.

Mun isa Shagari da la'asar, jama'a na jira. Malam Sambo ya zura kara a tankin Haliru ya yi alama da farce. Ya zura a nawa. Nawa ya ɗara da yatsa biyu. Aka ɗauki salati. Malam Sambo ya sake aunawa. Ya matsa kusa da Haliru, ina jin ya shaƙi warin da ke bakinsa da rigarsa, domin ya daɗe yana kallon sa. Ya ce, "Haliru, motarka ta koyi ci yau." Haliru ya ce, "Ranka shi daɗe, kowa da ranar da yunwa ka kama shi." Sai maigida ya juyo gare ni ya tambaye ni ko ina da abin cewa.

Wannan ita ce gaɓar da nake komawa kullum. A littattafan da na karanta, nan ne saurayi ke fitowa tsakiyar fili ya dafa ƙirji ya faɗi gaskiya, ko da zai rasa komai. Na san yadda ake yi. Na buɗe baki, na tuna goshin Kulu, na tuna masu kallona da tausayi jiya, na ce, "Babu, ranka shi daɗe." Malam Sambo ya riga ya yi magana gaban shaidu, kara kuma ya yi hukunci. Aka sayar da motar Haliru ga wani mutumin Jega. Da kaka aka ɗaura aurena.

Haliru ya koma Boɗinga ya zauna gindin wata tsamiya a bakin tasha da akwatin sifanu. Bai sake riƙe mota tasa ta aiki ba har ya bar duniya. Amma bai bar maigida ya yi asara a kan abin da ya yi ba. Ya kafa mini doka, duk Juma'a kafin masallaci in kawo masa motar. Shi ya cire allon nan da hannunsa, ya toshe salansa, ya riƙa daidaita inji, yana zagina yana koya mini. Cin man motar ya ragu ƙwarai, Malam Sambo ya gamsu, mutane suka ce lallai Modi gwani ne, ba banza ya ka da Haliru ba. Shekara goma sha ɗaya ina wannan zuwa. Ko sau ɗaya bai ambaci kurnar Dandin Mahe ba, ko a cikin wasa, shi da ba ya barin komai ya wuce bai yi mini ba'a da shi ba. Da ya goranta mini sau ɗaya, da na samu abin riƙewa, da na huta. Bai ba ni ko wannan ba.

An ce hassada ga mai rabo taki ce, kuma na ga haka da idona. Gindin tsamiyar nan ya zama makaranta. Direbobin Yabo da Tambuwal da Jega na tsayawa a duba musu mota. Da injinan ban-ruwa suka shigo fadamun albasa, wurinsa manoma ke kawowa. Waɗanda suka koya a hannunsa sun koyar da wasu, har yau in ka ga bakanike a yankin nan yana busa matatar iska kafin ya taɓa komai, jikan Haliru ne a sana'a ko bai sani ba. Ni kuwa da ƙarfina ya ƙare na bar tuƙi, na kafa teburin hayar littattafan soyayya a tashar nan, ina hango tsamiyarsa daga inda nake zaune. Na karanta ɗaruruwansu. Na ga masoyan da suka bar gadon dukiya, na ga waɗanda suka haye kogi. Ban taɓa cin karo da wanda ya zuƙi fetur da baki don wani ya yi aure ba. Marubutan ba su san irin wannan jarumi ba, ba ya da kyan faɗa.

Da zai ga motocin yanzu, na san zai yi mamakin inji mai auna wa kansa mai ba tare da kafireto ba, zai kuma so ya kwance ɗaya ya ga cikinta. Amma ba na jin zai ga sabon abu a wurin direbobi. Ga mai barin mota tana aiki rabin sa'a yana cin tuwo a rumfa. Ga mai ɗora buhu har motar ta durƙusa, tayoyi a lotse, sannan ya zo yana kukan tsadar mai. Ga mai fizga daga wannan shinge zuwa wancan kamar ana bin sa, ya taka birki, ya sake fizga. Ga masu sayen wani ruwa a kwalba da aka ce in an ɗiga a tanki mai zai yi albarka. Waɗannan na ƙarshe ba na iya yi musu dariya. Na san abin da suke nema, na taɓa sace shi. Zai kuma yi faɗa da masu kashe babbar mota a gangara don tattali, domin ya sha cewa man da ka tara da ran fasinja ba tattali ba ne.

Kafin in aiko da wannan rubutu na ga bai kamata Kulu ta ji shi a bakin maƙwabta ba. Tana nan da ranta, idonta ya yi rauni, amma kunnenta garau. Shekaranjiya da hantsi tana zaune a tabarma tana tsinkar zogale, na zauna kusa da ita na karanta mata tun daga farko. Ba ta katse ni ba. Da na kai ƙarshe ta ɗago kai ta tambaye ni.

"Galan nawa kac ce?"

Na ce biyu.

"Ashe galan biyu anka aure ni." Ta yi 'yar dariya, dariyar ta tsaya a hanya. Sai na ga hawaye na bin kuncinta. "Allah shi jiƙan Haliru," in ji ta. "Allah shi jiƙan Haliru. Sau nawa yaz zo gidan ga na ba shi ruwa a tsaye, ban ko shimfiɗa mai tabarma ba."

Fiye da shekara sittin ina zuba wa matar nan kalamai. Na kira ta wata, na kira ta sanyin idona, na kwashe zaƙin littattafai na kawo mata, mafi yawa sai ta ce in tashi in ci abinci kada ya huce. Ban taɓa jin ta ambaci sunana da muryar da ta ambaci nasa ba. Na zauna ina kallon ta, tsoho da ni, ina jin tsohon barkonon nan yana tashi a ƙirjina, a kan mutumin da ya shekara ashirin da ɗaya a ƙasa.

To, me ya rage na Haliru? Tsamiyar an sare ta da aka faɗaɗa hanya. Gida bai bari mai bene ba. Ya bar wata hanyar taɓa ƙarfe da ta bazu a hannun mutanen da ba su san shi ba, ya bar suna a bakin direbobi. Ya bar 'ya'yana bakwai da jikokin da ban iya ƙirga su ba tare da Kulu ba, waɗanda ba su san daga tankin wa suka fito ba sai yau. 'Ya'yansa kuwa sun tashi suna jin cewa akwai ranar da aka ka da ubansu. Ku ji daga bakin wanda aka ce ya ka da shi: ba a taɓa ba. Duk wanda ya sake nuna ni a tasha, ya ce ga wanda Haliru ya ɗauko a hanya.

Na so a ce da na gama rubutun nan zan ji mun yi daidai da shi, ya ba ni nasa na mayar. Ba mu yi ba. Shi a tsakiyar rana ya ba da sana'arsa, yana saurayi, yana dariya, bai kai tsawon shan fura yana shawara ba. Ni sai da na jira ya mutu, Malam Sambo ya mutu, babu sauran abin da za a karɓe mini sai suna, sannan na iya. Ko a nan ya riga ni isa, kuma da sauran mai a tankinsa. Allah Ya jiƙan ka, taubashi, Ya yafe mini ƙyashinka, wanda na yi da wanda nake kan yi.